Mako Guda Tsakanin Shela Biyu

Ina cikin cin ƙosai a ofis, yatsuna duk mai, kiran Shatu ya shigo. Shatu matar yayana Sabiru ce, kuma a iya sanina da ita filashin take yi ta zauna ta jira a kira ta. Ranar nan kuwa ta bar wayar ta yi ta ƙara har na goge hannu na ɗauka. Tun daga nan na san ba lafiya ba.

"Zulai, yayanki ya sauko da bindigar Baba," ta ce, ko gaisuwa babu. "Tun safe yana zaure yana goge ta da man gyaɗa. Jiya ya je wajen maharba ya sayo albarushi."

"Me ya ce zai yi da ita?"

"Ke ma kin sani. Jibi Laraba za a yi shelar sakin gonaki ga shanun makiyaya a Kukar Daudu. Ya rantse bana duk saniyar da ta sa ƙafa a wakensa, da ita da mai ita sai dai a zo a kwasa. Na yi magana har na gaji. Ki zo, ko ke zai ji taki."

Ban ga ranar da Yaya Sabiru ya taɓa jin tawa ba, amma na ce mata ga ni nan.

Aikina a Kazaure yake, a wata ƙaramar ƙungiya ta sasanta manoma da makiyaya. Mu uku ne kacal, da fanka ɗaya mai kuka kamar injin niƙa. Duk inda aka yi harbi a ƙasar Kazaure, Roni, Gwiwa ko Babura, in labarin ya iso mu ta bakin ma'aikatan asibitin ƙauye, ko 'yan sintiri, ko masu unguwa, sai in buɗe taswira a kwamfuta in sa jan ɗigo a wurin. In rubuta rana, da wanda aka harba, da abin da ya haɗa su. A gida suna ce mini Mai Ɗige-ɗige. Yaya Sabiru ya fi kowa iya tsokana, shi cewa yake an kai ni makaranta don in zo in riƙa ƙirga gawa. Nakan yi dariya, amma maganar tana yi mini zafi, don akwai ranakun da ni ma haka nake gani.

Ba zan ce yayana mugun mutum ba ne. Bara, a yini ɗaya, garken shanu ya share masa gonar wake tas, waken da ya sa rai zai rufe ɗakin Shatu da kwano. Ni na same shi zaune a bakin kunya, babban mutum mai 'ya'ya huɗu, yana kuka da majina. A wannan makon ne kuma wani ya harbi wani matashin makiyayi mai suna Lauwali a ƙafa, a gonar da ke maƙwabtaka da tasa. Shekara biyu kafin nan, abokinsa Mamuda aka harbe a bakin kwari yana korar shanu daga dawarsa, ko shurawa bai yi ba. Duka biyun suna cikin taswirata. Ranar da na sa ɗigon Mamuda ban iya cin abinci ba.

Bayan na ajiye wayar na zauna ina kallon taswirar. Na daɗe da lura cewa ɗigogin sun fi taruwa a bakin kwarin da ya raba garinmu, Tudun Halliru, da Kukar Daudu. Shugabanmu, Malam Nuruddeen, ya ce ai hanyar masu shigo da makamai ce, ni kuma na ce ƙila rashin burtali ne. Mun yi ta musu wata da watanni ba mu kai ko'ina ba. Amma yau maganar Shatu ce ta tsaya mini a kunne: Laraba za a yi shela a Kukar Daudu. Me ya sa yayana ya zaɓi wannan ranar, alhali a garinmu ba ranar ake shela ba?

Na kira mai shelar Kukar Daudu, na kira na garinmu, na bi tsofaffin saƙonnin da masu unguwa suka turo mana, har na haɗa ranakun shelar garuruwan biyu na shekarun da muke da bayanansu. Sannan na jera su kusa da ranakun harbin. Sai da na sake dubawa, don na zaci ni ce na yi kuskure. Kusan duk harbin da aka yi a bakin kwarin nan, a cikin mako guda aka yi shi, makon da ke tsakanin shelar Kukar Daudu da ta Tudun Halliru. Kafin makon, shiru. Bayansa ma shiru.

Abin haushin shi ne na san makon nan tun ina yarinya, kuma da shi muke alfahari. Kakan dagacinmu baƙo ne ya zo, kakan Dagacin Kukar Daudu ya yanka masa ƙasa a ƙetaren kwari ya ce ya zauna. Tun daga lokacin Dagacin Tudun Halliru ba ya yin shela kafin na Kukar Daudu, kuma ba ya yi rana ɗaya da shi, kada a ce yana haɗa kafaɗa da ubangidansa. Sai babba ya yi tasa, kasuwa ta zagayo, sannan ƙarami ya yi. Mukan ce mu 'yan Tudun Halliru mun gaji ladabi.

To, ga abin da ladabin ke haifarwa. Da an saki gonakin Kukar Daudu, shanu daga ko'ina sai su kwararo. Kafin a ce me, sun cinye karan da ke kusa, sun matso bakin kwari. Kwarin kuwa da kaka busasshe ne, akuya ma tsallake shi take. A ƙetare ga wakenmu shar, ga damman dawa a jingine, don manomanmu sun san suna da sauran mako. Makiyayin da ya taso daga wajen Babura abin da ya ji kawai shi ne an saki gonaki, ina ruwansa da wane gefe ne na wane dagaci? Shi yana ganin halas yake ci, manomi yana ganin ɓarawo ya shigo masa, kuma kowa da bindiga. Ba wanda ya taɓa haɗa lissafin, don Kukar Daudu ƙasar Gwiwa ce, mu kuma Roni. Rahoton wannan ya tafi gabas, na wancan ya tafi yamma, kowa ya ga ɗaya ko biyu a shekara ya ce tsautsayi ne.

Na nuna wa Malam Nuruddeen. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya daɗe yana kallo. Abin da nake so da shi ke nan, ba ya jayayya da abin da ya gani da idonsa.

"Ɗauko jakarki," ya ce. "Ni zan biya kuɗin mota."

Muka sauka a Roni, muka hau acaɓa biyu zuwa ƙauye. Na sami Yaya Sabiru a zaure kamar yadda Shatu ta faɗa, bindigar tana kwance a kan buhu tana ƙyalli. Tsohuwar bindigar toka ce ta mahaifinmu, wadda bai taɓa harbin abin da ya wuce zabo da ita ba. Na durƙusa na gaishe shi, na buɗe kwamfuta na fara bayani. Ya bari na gama tsaf.

"Madalla, Mai Ɗige-ɗige," ya ce. "Yanzu kwamfutar taki ce za ta je ta kwana a gona ta tsare mini wake?"

"Yaya, makon ne matsalar. In aka haɗa shelar rana ɗaya..."

"In aka haɗa! Wa zai haɗa? Ke? Abin da kakanninmu suka yi, ke za ki zo daga Kazaure da allo mai haske ki canja? Zulai, ni bara na yi haƙuri, kin ga abin da haƙuri ya ba ni. Ki je ki yi aikinki, ni ma zan yi nawa."

"Aikina shi ne in sa ɗigo in an harbi mutum," na ce. "Ba na son in rubuta sunanka, Yaya. Ko a gurbin wanda aka harba, ko a gurbin wanda ya yi harbin."

Ya ɗauki tsumma ya ci gaba da goge abin da ya riga ya goge.

Da la'asar muka je wajen dagacinmu, Alhaji Jalaluddeen. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ya san taswira, bai sha wahalar ganewa ba. Na ga fuskarsa ta canja tun kafin in kai ƙarshe. Ya yi salati, ya sake yi. Na ce a raina an gama. Ashe ko farawa ba a yi ba.

"Zulaiha, na gani, kuma ya tayar mini da hankali," ya ce. "Amma me kike so in yi? In na matso da tawa shelar zuwa jibi, mutanena ba su gama kwashe amfaninsu ba, na kashe su da hannuna. Abin da ya rage shi ne Baba, Dagacin Kukar Daudu, ya ɗaga tasa. Ni kuwa in buɗe baki in ce wa Baba ya jira ni? In haɗa rana da shi? Gara a cire mini rawanin."

"Ranka ya daɗe, rayuka ne fa."

"Na sani, 'yata. Na sani." Ya sunkuyar da kai. "Ba zan hana ku zuwa wajensa ba. Amma kada ku ce ni na aiko ku."

Na fito raina a ɓace. Mutum ya ga gaskiya ƙuru-ƙuru, ya yarda da ita, amma kunya ta ɗaure masa ƙafa. Malam Nuruddeen ya ce in yi haƙuri, ai ya buɗe mana ƙofa ne a fakaice. Ni dai ban ga ƙofar ba.

Washegari, Talata, muka tsallake kwarin da ƙafa. Dagacin Kukar Daudu, Malam Maikasuwa, tsoho ne tukuf, siriri, mai kaifin harshe, wanda yaran garuruwan biyu ke tsoro tun zamanin iyayenmu. Muka same shi a ƙofar gida a kan buzu, dattawa kewaye da shi. Na durƙusa can nesa. Malam Nuruddeen ya yi gaisuwa ya gabatar da mu, ya miƙa kwamfutar. Tsohon ya kanne ido ya kalle ta, ya ture.

"Ni ba na ganin komai sai fuskata," ya ce. "Ke 'yar wa ce?"

Na faɗi sunan mahaifina.

"Maharbin zabi! Allah ya jiƙansa, ya ci mini bashin zabo har ya mutu. Matso nan. Ki bar allon, ki gaya mini da baki."

Na matso. Na ja layi a ƙasa da yatsa na ce wannan kwari ne. Na tsinci tsakuwa ina ajiyewa ɗaya bayan ɗaya a bakin layin, kowace in faɗi sunan mutumin, da shekarar, da cewa kwana kaɗan ne bayan shelar Kukar Daudu, kafin ta Tudun Halliru. Da farko dattawan suna ta 'yan maganganunsu. Da tsakuwa ta fara yawa sai wurin ya yi tsit. Duk sun san mutanen nan, wasu ma da su aka ɗauke su zuwa makwanci. Da na ajiye ta Mamuda, tsohon ya ɗaga hannu.

"Wannan mijin jikata ne," ya ce. "Marayunsa suna cikin gidan nan."

Ya daɗe yana kallon tsakuwoyin. Sannan ya ɗago ya zuba mini ido.

"Yarinya, kina nufin girman da ake ba ni ne yake kashe mutane?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Malam Nuruddeen ya yi gyaran murya zai shiga tsakani, tsohon ya ce da shi ba da shi yake ba.

"Allah ya ja zamaninka, ba kai ba ne, ba kuma dagacinmu ba ne," na ce. "Makon da ke tsakaninku ne. Kuma gobe zai sake farawa, yayana yana can da bindiga."

Na jira tsawa. Sai na ji ya yi tsaki mai tsawo.

"Jalalu ya ga wannan?"

Na sunkuyar da kai, don an ce kada mu faɗa.

"Ya gani," ya ba kansa amsa. "Ya gani, kunya ta hana shi zuwa. Yaron nan tun yana ɗan firamare yake da wannan ladabin mai gajiyar da mutum. In ya zo gaishe ni sai gwiwata ta yi ciwo don tausayin tasa." Ya juya wajen ɗaya daga cikin dattawan. "A je a gaya masa ni na ce ba zan yi shela gobe ba. Ɗana bai gama kwashe amfaninsa ba, ni kuma uba ne, zan jira shi. Laraba ta sama ya zo nan ya tsaya a gefena, mai shelata ya yi da sunanmu mu biyu. In ya ce zai yi gardama, a ce masa umarni ne, in ga ko ladabin nasa ya kai nan."

Dattawan suka fashe da dariya. Ni kuwa na shiga yi masa godiya.

Amma tsohon bai gama ba. Ya sa aka kira Ardo Sama'ilu, shugaban makiyayan yankin, wanda rugarsa ke bayan gari tun kafin a haife ni. Ardo ya zo ya saurara, ya girgiza kai.

"Ranka ya daɗe, magana ta yi kyau, amma shanu ba su san an ɗaga ba. Sun rame, ciyawar daji ta ƙare. Mako guda me za su ci?"

"Gandun gidana an kwashe shi tun tuni, ga fadamar bayan gari," in ji Dagaci. "Duka suna nesa da kwari. Ku shiga, na ba ku."

"Allah ya saka da alheri. Saura waɗanda ke kan hanya. Akwai garken da suka taso daga wajen Babura, sun saba duk shekara wannan Larabar ce. Wasu ba waya, wasu ba sabis. Kwarin nan kuwa da tsawo, ban san ta inda za su ɓullo ba."

Nan ne na ji aikina ya yi mini daɗi a karo na farko. Na nuna masa tsakuwoyin. Ba a warwatse suke ba, wuri uku suka taru: mashigin da ke kusa da makabarta, gindin giginya, da tsamiyar da ke ƙasan gonar yayana. Ardo ya tsuguna ya duba, ya ce lallai nan ne gangaren ya fi sauƙi ga shanu. Aka raba mutane, kowane mashigi makiyayi ɗaya da manomi ɗaya. Ardo ya ce shi da kansa zai tsaya a tsamiya. Na ce ni ma can zan tsaya, ba wanda ya hana ni.

Da na koma gida na gaya wa Yaya Sabiru, ya ce zai gani a ƙasa. Ranar Laraba tun da hantsi ya ɗauki bindigar ya tafi gona. Shatu ta bi shi da kallo har ya ɓace, sannan ta koma ɗaki.

Gonar yayana tana kan ɗan tudu, akwai wani faffaɗan dutse a gefenta. Nan ya hau ya zauna, bindigar a kan cinyarsa. Ni da Ardo muna gindin tsamiya a ƙetaren kwari, muna ganinsa yana ganinmu. Muka wuni. Ardo ya ba ni labarin shanunsa ɗaya bayan ɗaya kamar 'ya'yansa, ni dai ina ta amsawa da "to", idona na kan dutse. Har na fara cewa ƙila ba wanda zai zo.

Bayan la'asar muka ji kukan shanu. Garke ne babba, farin bijimi a gaba, suna sauri don sun jiyo ƙanshin ɗanyen ganye. A bayansu wani matashi ne yana ɗingishi, sanda a hannu, wani dogon abu naɗe da tsumma rataye a kafaɗarsa. Ban taɓa ganinsa ba, amma na gane shi daga tafiyarsa. Lauwali ne, wanda na sa wa ɗigo bara.

Ardo ya miƙe ya shiga gaban garken kamar mai shiga kasuwa, yana ɗaga sanda yana yi musu wani irin kira. Bijimin ya tsaya, na bayansa suka cunkushe. Ya yi wa Lauwali magana da Fulatanci, da ƙarfi, yana nuna hanyar fadama. Ban ji me suka ce ba, amma na ga Ardo ya miƙa hannu, na ga yaron ya yi jim, sannan ya sauke abin da ke kafaɗarsa ya ba shi.

A daidai lokacin wata karsana ta zille ta gefe. Kafin kowa ya ankara ta gangara kwarin, ta haye, ta sa baki a kunyar farko ta waken yayana.

Na ga Yaya Sabiru ya miƙe tsaye a kan dutsen. Na ga bindigar ta tashi.

"Yaya!" Ban san ina da irin wannan muryar ba. "Yaya, don girman Allah!"

Lauwali bai ma ga dutsen ba. Karsanarsa yake bi, yana gudu da ƙafa ɗaya da rabi, ya faɗi a cikin yashin kwarin, ya tashi, ya haye. Ya ɗirka mata sanda ta juyo da ganye a baki. Sai da ya kora ta ƙasa sannan ya ɗaga kai, ya ga bakin bindiga yana kallonsa. Ya tsaya cak. Ya saki sandar ta faɗi.

"Sannu da aiki, mai gona," ya ce. "Wallahi ban san an ɗaga ba, yanzu Baffa Ardo yake gaya mini. Ga abin da ta ci nan, ka faɗi abin da zan biya."

Ban san tsawon lokacin da suka ɗauka a haka ba. Ni dai na daina jin kukan shanun. Yayana yana kallon yaron, daga fuska har zuwa ƙafar da ta karkace. A hankali bakin bindigar ya yi ƙasa.

"Ƙafar ce har yanzu?" ya tambaya.

"Ita ce."

"Ɗauki sandarka. Abin da ta ci bai kai a yi magana ba. Ku bi Ardo, akwai fadama."

Na zauna daɓas a gindin tsamiya na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Baba, kukan daɗi, har da shessheƙa. Ardo ya wuce da garken yana cewa, "'Yar boko, ai an gama, kukan na mene ne?"

A wannan makon duk wanda ke da hannu a Tudun Halliru sai da ya shiga gona. Ni ma na ɗauki hutu na yi roron wake har yatsuna suka yi kanta. Laraba ta sama Alhaji Jalaluddeen ya tsallaka kwari da rawaninsa, ya tsaya a gefen Malam Maikasuwa a tsakiyar kasuwa, yana ta ja da baya, tsohon yana jawo shi da hannun riga. Mai shela ya buga gangarsa ya saki gonakin garuruwan biyu da baki ɗaya. Mutanen garinmu da suka yi ta gunaguni cewa an zubar da al'ada, da suka ga dagacinsu a kusa da babba sai suka koma cewa ai girma aka ƙara mana.

Na koma Kazaure na ci gaba da jiran waya. Kaka ta wuce. An yi harbi a wasu wuraren, ban ce duniya ta gyaru ba, kuma Malam Nuruddeen ya riga ya gano wasu garuruwa biyu a wajen Babura masu irin wannan tazarar, yana shirin zuwa. Amma a bakin kwarinmu ban sa ko ɗigo ɗaya ba. Kullum da safe sai na buɗe taswirar na kalli wurin, in ga babu sabon ja, sannan in iya shan shayi.

Da na je gida bayan Sallah, na tarar da shanu kwance a gonar yayana. Ashe ya yi yarjejeniya da Lauwali su riƙa kwana a nan suna zuba masa taki, shi kuma yana ba shi harawa. Ɗakin Shatu ya samu kwano, tana ta yi mini yanga da shi. Bayan mun gaisa ta kama hannuna ta ja ni zaure tana dariya ƙasa-ƙasa, ta nuna mini bango.

Bindigar Baba tana rataye a inda take tun muna yara. Zanzaro ya gina ɗakinsa na laka a bakinta, ya toshe shi ruf. Na miƙa hannu zan taɓa.

"Kul, Mai Ɗige-ɗige," in ji Yaya Sabiru daga bakin ƙofa. "Bar shi. Mai gidan yana ciki da 'ya'yansa."